Makon Bita a Mafara

Litinin

An tara mu a wata makaranta cikin Talata Mafara, malaman Turanci na ƙananan sakandare daga Mafara da Bakura da Maradun. Ni na zo daga Tsibiri, a ɓangaren Maradun. Mai ba da bitar wata Hajiya ce, dattijuwa, ta daɗe tana koyarwa a firamare, kuma ta samu horo a shirin TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Zamfara da Katsina da Jigawa daga 2013. Ba ta tsaya dogon jawabi ba. Ta raba mana takarda ta ce kowa ya rubuta sunayen ɗalibansa na JS1 na bara waɗanda za su karanta sakin layi guda na Turanci ba tare da an ɗora su ba, su kuma faɗi abin da ya ƙunsa.

Ɗakin ya yi tsit. Ajina cike yake maƙil, wasu har a ƙasa suke zama, amma sunayen da na rubuta ba su kai tsakiyar takardar ba. Na leƙa ta maƙwabcina, ita ma haka.

Manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta ɗauka cewa yaro ya shigo sakandare yana karatu, tun a firamare ana koyar da shi da Turanci. Namu yaran kuwa da yawansu suna farkon firamare aka rufe makarantu saboda korona a 2020. Sai satar 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, sai ta ɗaliban Kaya a ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba, aka sake rufe makarantun jiha baki ɗaya. Shekarun da yaro ke haɗa baƙi da wasali ke nan suka wuce yana gida. Hajiya ta ce, "Malamai, ku malaman koyar da karatu ne, ko an gaya muku ko ba a gaya muku ba." A NCE an koya mana nahawu da adabi, amma ba wanda ya nuna mana yadda za a zauna da ɗan shekara goma sha biyu a fara masa daga sautin harafi ba tare da ya ji kunya ba.

Talata

Ranar kasuwa ce, ƙarar motoci da kabu-kabu har cikin aji. Da safe mun yi sautuka: rikicin f da p, da na b da v, da yadda bakin Bahaushe ke cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Hajiya ta sa mun riƙe guntuwar takarda a gaban bakinmu; in ka furta p daidai sai ta motsa da ƙarfi. Yara za su so wannan.

Bayan azahar gardama ta tashi. Wani dattijon malami daga Bakura ya ce a zamaninsu duk wanda ya yi Hausa a makaranta sai ya biya tara, kuma sun iya Turanci. Hajiya ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma ku nawa kuka fara, ku nawa kuka gama?" Ya yi shiru, can ya ce waɗanda suka zube a hanya sun fi yawa.

Ina bayan Hajiya a kan wannan. Yaron da ya iya karanta Hausa ya riga ya mallaki haruffan, ya san rubutu magana ce. Abin da ya rage masa harshen. A wurina na ga bambanci tsakanin waɗanda suka ratsa littattafan Hausa na shirin RANA a firamare da waɗanda ba su samu ba. Sai dai dattijon ma yana da tasa gaskiyar: malamin da ke fassara kowace jimla ya hana yaro wahalar da ke sa harshe ya zauna. Mun tsaya a kan cewa Hausa ta buɗe darasi, ta kuma warware inda ya sarƙe, sauran lokacin kunnen yaro ya sha Turanci.

Laraba

Kayan aiki. Kowa ya faɗi kukansa, kuma kukan ɗaya ne: littafi guda a hannun malami, yara suna kwafa daga allo har ƙararrawa ta buga. Hajiya ta aika aka sayo kwalayen taliya da na sabulu, aka farke su aka shimfiɗa. Kowane rukuni zai rubuta labari mai jimla takwas da kalmomin da yaro zai iya ɗauka.

Namu rukunin ya rubuta a kan yaron da ke korar jan-baki a gonar shinkafa ta Bakolori. Madatsar ruwan Bakolori tun 1978 take, babu yaro a yankinmu da bai san magudanan ruwanta ba, bai san yadda tsuntsaye ke sauka kamar hadari in shinkafa ta fara nuna ba. In ya riga ya san abin da labari ke faɗi, ƙarfinsa duka sai ya tafi kan kalmomin. Muka sa tambayoyi iri uku: wadda amsarta ke kan layi, wadda sai an haɗa jimla biyu, da wadda yaro zai faɗi ra'ayinsa. Ta ukun ce muka fi shan wuya, don mu ma ba mu saba tambayar yara ra'ayinsu ba.

Ga waɗanda suka yi nisa, na ba da shawarar The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi. Gajere ne, a Arewa labarin ya faru, sunayen ciki ba baƙi ba ne.

Alhamis

Yau aka kawo yara na gaske daga unguwa. Wata matashiyar malama daga Maradun ce ta fara, kuma darasinta shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a makon nan. Ta liƙa kwalinmu a allo. Kafin a karanta komai ta tambaye su da Hausa wa ya taɓa tsaron gona. Hannuwa suka tashi, aji ya kaure. Ta zaɓi kalmomi biyar ta koyar da su da zane da kwaikwayo. Ta karanta sau ɗaya suna bin yatsanta, suka karanta tare, sannan ta haɗa su bibbiyu, mai ƙarfi da mai rauni.

Akwai wata yarinya a baya da ta rufe rabin fuskarta da hijabi, ba ta ce uffan ba. Malamar ba ta tsayar da ita gaban aji ba. Ta je ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, mu karanta layin farko ni da ke." Muryar yarinyar ƙasa-ƙasa, ta tsaya a kalma ta uku, malamar ta rufe ƙarshen kalmar da yatsa ta bar mata harafin farko. Ta haɗa. Ta kai ƙarshen layi da kanta, ta wuce na biyu ba a ce mata ba.

Da yamma mun tattauna gyaran rubutu. Shawarar Hajiya: a daina cika littafin yaro da jan biro. A zaɓi kuskure guda a mako, a bi shi har ya mutu.

Juma'a

Rabin yini. An yi bayanin rajistar malamai ta TRCN da karatun nesa na NTI ta Kaduna ga masu son ƙaro ilimi, an tura mana darussa a waya, aka raba takardun shaida. Abin da ke damuna shi ne bayan an watse. Na sha zuwa bita mai kyau, in koma aji babu mai leƙowa, cikin wata biyu komai ya koma gidan jiya. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023 ana ta maganar gyaran gine-gine, kuma ana bukatarsu. Ni da za a tambaye ni, sai in roƙi a ware wa JS1 lokacin karatu zalla kowace rana a jadawali, da wanda zai riƙa zagayowa ya zauna a bayan aji.

Kafin mu tafi masallaci, mu na ɓangaren Maradun muka yi alkawarin haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, in hanya ta yi kyau. Kowa zai zo da sabon kwali guda, mu yi musaya.

Asabar

Na sami shugaban makarantarmu a ƙofar gidansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so makon farko kada in fara manhaja, in gwada sababbin yaran ɗaya bayan ɗaya, in raba su rukuni uku." Ya tambayi abin da za mu ce in masu duba makarantu suka zo suka ga muna baya. Na ce zan rubuta sakamakon kowane yaro a ajiye a ofishinsa, a sake gwadawa ƙarshen zango. Ya amince da zango ɗaya, ya kuma ce in je shagon ƙanensa in kwashi kwalaye.