Wayar da Na Haɗa a Juye

Son sauti ya shige ni tun ina yaro, a zauren mahaifina, inda wata rediyo mai cin kaset take wuni tana juya waƙoƙin Mamman Shata. Da na fara ɗaukar albashi, kafin in sayi katifar kirki sai da na sayi amfilifaya ta hannu da sifiku biyu.

Amfilifayar nan ko kwana ba ta yi ba. 'Yar Amurka ce, an ƙera ta don wuta mai ƙarfin bolt 120, ni kuma na soka ta a tamu da ta haura 220. An rubuta a bayanta, ɗoki ya hana ni karantawa. Ƙauri kawai na ji.

Daga baya na dace da wata amfilifaya, NAD 3020, ƙirar da ta fara fitowa a 1978. Wat 20 kacal take bai wa kowace sifika, amma ta ishi ɗakina. Duk da haka raina bai kwanta ba. Kalangun Shata yana fita siriri, ba shi da gindi, muryarsa kuma kamar tana yawo a bango. Na ɗora wa sifiku laifi, na sauya su har sau biyu. Na sayi waya mai kauri, na sayi abin juya faifan CD. Wajen shekara biyu ina cikin wannan hali.

Abin da ya fi yi mini nauyin faɗa shi ne na riƙa ɓoye wa matata gaskiyar farashi. In na sayi abu sai in faɗa mata rabin kuɗinsa. Wata rana ta tsinci rasit a aljihun rigata. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Maigida, da ka faɗa mini gaskiya ai ba zan hana ka ba." Har yau ina jin kunyar wannan rana, kuma tun daga ita ban sake rage mata ko kwabo a lissafi ba.

Mahaifina ma ya lura. Ya zo mini ziyara, na kunna masa kaset ɗin Ɗan Maraya Jos don in burge shi. Minti ɗaya in tsayar, in murɗa nan, in mayar baya. Ya dube ni ya ce, "Kai, ka bar bawan Allah ya gama waƙarsa mana." Sai a lokacin na tuna an yi watanni ban ji waƙa guda daga farko har ƙarshe ba.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mini. Ya saurara kaɗan, ya leƙa bayan sifikar hagu, ya ce, "Ɗana, ka haɗa a juye." Jar waya na sa a baƙin gurbi, baƙar a ja. Duk sauye-sauyen da na yi, yadda na saba nake mayar da ita. Ya bayyana mini cewa idan aka yi haka, lokacin da fatar sifika ɗaya take turo iska waje, ɗayar tana ja ciki, sai kaurin sautin ya cinye kansa. Ya gyara, ya janye sifikun daga lungun bango, ya sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da nisan kowacce zuwa kujerata. Ya ce in shimfiɗa darduma a kan tayil, in saki labule.

Da muka kunna, Shata ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, kalangu ya cika. Na zauna har kaset ya ƙare ban taɓa komai ba. Dattijon kuɗin mota kawai ya karɓa.

Ɗan'uwa mai son sauti, kafin ka nufi kasuwa, don Allah ka leƙa bayan sifikunka: ja da ja, baƙi da baƙi.