Makon Godiyar Kaka

Litinin

Hazo ya sauko, an gama yankan dawa a yawancin gonakin ƙauyenmu, nan ƙasar Malumfashi. Lahadi mai zuwa ce godiyar kaka, don haka dattawan ikkilisiya suka zauna bayan addu'ar yamma, ni kuma ina gefe da littafi da biro a matsayin magatakarda. Maganar rumfa da kujeru ba ta ja mu ba. Inda aka daɗe shi ne kiran sunaye. Mun saba a kira kowane gida a faɗi abin da ya kawo, gidan wane dami goma, gidan wane buhun masara da rago, a yi tafi. Baba Fasto ya ce bana a bari, saboda 'yan'uwan da 'yan bindiga suka koro daga wajajen Faskari da Ƙanƙara, waɗanda ba su yi shuka ba balle girbi. Ma'ajinmu ya gyara hula ya ce, "Baba Fasto, in ba a kira suna ba, hannu zai yi sanyi. Na san mutanenmu." Ba ƙarya ya yi ba. Aka tashi ba a yanke ba.

Talata

Na leƙa baƙin namu. Wata dattijuwa tana zaune a bakin ƙofa tana saƙa faifai. Na ce, "Inna, sai mun gan ku ranar Lahadi." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, da me zan shiga layi? A garinmu ni ke gaba da dami a ka." Ba ta yi mini kukan yunwa ba ko kaɗan, alhali tukunyarta a kife take. Kunya ce ke cin ta. Ta karɓi hatsi daga hannunmu tun damina, ta gaji da zama mai cewa an gode.

Laraba

Nazarin tsakiyar mako ya faɗa kan sura ta 8 ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, kuma ba na jin dace ne. Baba Fasto ya fara da labarin. Masu bi na Urushalima suna cikin talauci, Bulus yana tara musu gudummawa daga ikkilisiyoyin al'ummai. Mutanen Korinti, masu hali, sun yi alkawari tun bara suka yi shiru, har sai da aka tura musu Titus. Na Makidoniya kuwa, irin su Filibi da Tasalonika, ga tsanani ga fatara, amma su suka roƙa a bar su su sa hannu. Abin da Bulus ya fara yabawa ba ƙoƙarinsu ba ne, alherin da Allah ya yi musu ne. Wato ikon bayarwar ma kyauta ce suka samu. Kansu suka fara miƙa wa Ubangiji, aljihu ya biyo baya. Tushen maganar kuma Almasihu ne, mawadaci da ya zaɓi talauci dominmu.

Nan ma'aji ya ɗaga hannu. "Ai ga shi nan, Bulus ma ya kira suna! Ya yabi Makidoniya a gaban Korinti don su ji kunya su motsa." Majami'a ta ɗauki dariya, ni kaina na ga ya kama wani abu. Baba Fasto ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma duba mini, ya faɗi nawa suka bayar?" Aka bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya, babu adadi. Sai misalin manna a jeji, inda mai kwasa da yawa bai yi rara ba, mai kaɗan kuma bai rasa ba.

A ganina matsalarmu ta wuce kiran suna. Da yawanmu mun mai da baiko ba ni gishiri in ba ka manda: in zuba wa Allah dami, ya ninka mini baɗi. Wasu masu wa'azin rediyo da Facebook ma haka suke koyarwa. To, mai wannan lissafin, shekarar da gonarsa ta ƙi, dole ya ɗauka an sallame shi.

Alhamis

A tasha wani ya ji sunana ya ce, "Bahaushe kuma Kirista?" Na saba. Kakana ya shiga Babbar Ruga ta Katsina, inda 'yan mishan na SIM suka fara jinyar kutare a shekarun 1930, danginsa sun riga sun ware masa ƙwarya. Can aka wanke masa miki, can ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Bai je da ko anini ba. Duk abin da gidanmu ke taƙama da shi daga wannan hannu wofi ya faro.

Juma'a

Dattawa suna ta shawara, zumuntar mata ta riga ta gama aiki. Sun bi gida gida sun tara dammuna, suka kai wa kowane iyali na baƙi ɗaya, don su ma su shiga layi. Ma'aji ya ce wannan ai cirewa ne daga aljihun dama a sa a na hagu. Mama shugabar mata ta ce, "To Baba, naka damin wa ya ba ka? Kai ka yi ruwan?" Bai amsa ba, amma da yamma na ga jikansa ya kai dami biyu gidanta.

Asabar

Shara, wankin benci, gwajin waƙa har dare. An tsayar da rabon: kashi ɗaya na gidan fasto, ɗaya na gwauraye da baƙi, ɗaya na mai bisharar da muke tallafa wa ta EMS, ƙungiyar aika masu bishara da aka kafa a 1948, tun kafin a kafa ɗarikarmu ta ECWA a 1954. Sunaye kuwa, an amince in rubuta amma kada a karanta.

Lahadi

Mata suka shigo cikin anko, ana buga tulu, dammuna a ka, maza na biye da buhuna da zabi ɗaure a ƙafa. Wani bunsuru ya ƙwace ya shige ƙarƙashin bencin mawaƙa. Inna ta zo. Damin da aka kai mata ta bar shi a ɗaki, ta ce jikokinta za su ci, kuma ba ta ga laifi a ciki ba. Fayafai uku ta riƙo, ta taka rawarta har gaba ta ajiye su a kan buhun wani. Babu wanda ya san na wa ya fi, sai ni mai littafi.

Wajen gwanjo ma'aji ne ya sayi fayafan, bayan ya yi ciniki kamar a kasuwar Funtuwa.

Litinin

Mun ƙirga. Dawa ta ɗan gaza ta bara, kaji da waken suya sun ƙaru. Ma'aji ya ce a rubuta cewa ya faɗa, na rubuta. Ya kuma ce baɗi za a sake zama kan maganar, Baba Fasto ya ce Allah ya kai mu. Da azahar muka ɗaure buhu biyu a bayan babur, wani yaro ya kama hanyar ƙauyen mai bishara don ya dawo kafin duhu, saboda halin da hanya ke ciki.