Ranar da na toshe mai tambayar hanya

SIWES ɗina a gida na yi shi, a Mashi, a wata cibiyar kwamfuta da ake koya wa yara jarrabawar CBT. Oga ya ce ɗalibai na tura wa juna amsa ta cikin netwok, kuma akwai wani ma'aikaci da ke jona laftof ɗinsa yana zuƙe data. "Kai ɗan Poli, gyara mana." Ni kuwa kai ya kumbura.

Duk kwamfutocin a VLAN ɗaya suke, saƙonsu ba ya bi ta rauta, don haka dokar da aka sa a rauta ba ta ganinsu. Sai na rubuta VACL a kan suwicin Cisco ɗinmu. Layin farko: IP tsakanin kwamfuta da saba ya wuce, saura a zubar. Layi na biyu: adireshin MAC na laftof ɗin nan, a zubar. Na gwada, komai lafiya lau. Har na fita shan shayi.

Kafin in dawo, kwamfutoci sun fara yankewa ɗaya bayan ɗaya. Gobe da safe ga gwajin yara arba'in, iyayensu sun biya. Oga bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce, "Ina jira." Wallahi gara a zage ni.

Sai bayan isha'i na gano. Kafin kwamfuta ta yi magana da saba, sai ta tambaya da ARP: wa ke da wannan adireshin? Shi ARP ba IP ba ne, lissafin MAC ne ke hukunta shi. A irin suwicin nan, da zarar ka sa layin MAC ko guda, duk wanda ba IP ba da bai dace da wani layi ba, zubar da shi ake yi. Gwajina ya yi kyau ne don kwamfutocin suna riƙe da adireshin a ƙwaƙwalwarsu; da ya goge, babu mai amsa musu.

Na so in buɗe komai a layin ƙarshe in huta, amma hakan zai dawo da satar amsa. Sai na ƙara layi na uku, na ba 0x806 hanya, lambar ARP ke nan. Laftof ɗin dai yana nan a toshe, tunda layinsa ya riga.

Da safe Oga ya zagaya ɗakin, ya taɓa kafaɗata. "Gobe ka rubuta abin da za ka yi a takarda tukuna, in gani."