Daren da Na Kasa Ƙirga 'Ya'yan Kaza

A hutun Disamba muka je ƙauyen su Mama, Kawu ya zo da madubin hangen taurari a bayan mota. Kwana biyu hazo ya hana mu ganin komai. Dare na uku sama ta washe. Ga sanyi har cikin ƙashi, ga gari babu wutar lantarki. Kawu ya ce wannan duhun shi ne jarinmu.

Muka fara da Kaza da 'Ya'yanta. Da ido shida nake gani. Ina leƙa madubin sai ga su birjik, na ƙirga har talatin na rikice. Ya juya shi kan Mushtari: ƙwallo mai ratsi, da ɗigo huɗu jere a gefensa. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya hango a 1610.

A kan Zara aka yi gardama. Muka same ta kafin ta faɗi, ta fito kamar rabin wata. Kawu ya ce duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, kuma ita ce dai Gamzakin asuba. Kaka ta ce, "Kai yaro, shekara saba'in ina tashi da Gamzaki, yau za ka ce mini Zara ce?" Amma ta ja bargona ta yafa, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Har yau ba ta yarda ba. Ranar da za mu taho dai ta tambayi Kawu ko zai dawo da madubin baɗi.