Motar Katako da Hannun Uba

A cikin wasannin da ƙananan 'yan Sikawut na ƙasar Amurka ke yi kowace shekara, da wuya a sami wanda ya kai tseren motocin katako farin jini. Sunan wasan a can Pinewood Derby. Motocin nan ba su da inji, ba a kuwa tura su da hannu. Tsawon kowace bai fi taƙi guda ba, amma saboda su yaro yakan kasa barci, wani lokaci ma ubansa ya fi shi rashin barcin.

Ƙungiyar Sikawut dai Baden-Powell ne ya kafa ta a Ingila, bayan zangon gwaji da ya yi da samari a tsibirin Brownsea cikin 1907. Ta isa Amurka cikin 1910, a 1930 kuma aka buɗe sashen ƙananan yara. To, a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya an yi wani shugaban ƙananan Sikawut, sunansa Don Murphy. A zamaninsa akwai wani babban tsere da ake yi a Akron ta jihar Ohayo, inda yaro kan shiga motar da ya haɗa, ya gangaro da ita daga kan tudu. Ɗan Murphy shekarunsa ba su kai na shiga wannan ba. Sai uban ya yi tunanin a ƙanƙanta motar, har ta zama abin da ƙaramin yaro zai iya sassaƙawa tare da ubansa. Ran 15 ga Mayu, 1953, aka yi tseren farko, yara 55 suka shiga. Shekara na zagayowa mujallar Boys' Life ta buga labarin, daga nan abin ya bazu cikin ƙasar.

Kayan aikin ba su da yawa. Kowane yaro akan ba shi guntun katako na wani itace mai taushi da suke kira fain, da tayoyin roba huɗu, da ƙusoshi huɗu waɗanda tayoyin za su riƙa juyawa a kansu. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mota ta wuce inci 7 a tsawo, da inci 2¾ a faɗi, nauyinta kuwa kada ya ɗara oza 5, watau kimanin giram 142. Ranar tsere sai an auna kowace mota a sikeli kafin a karɓe ta. Hanyar tseren doguwa ce, ƙafa 32 ko fiye, an ɗaga gefe ɗaya sama kamar ƙafa 4. Akan jera motoci a can bisa, a tare su da 'yan turaku. Da an kwantar da turakun gaba ɗaya sai su gangaro, cikin sakan 3 ko kusa da haka an gama. Aikin makonni ke nan ya ƙare kafin mutum ya ja numfashi biyu.

Tun da yake nauyin mota ne kaɗai ke jan ta ƙasa, dabarar duka tana wuri biyu. Na fari, inda za a sa nauyin. Idan mota na tsaye a kan gangare, bayanta ya fi hancinta nisa da ƙasa. Saboda haka nauyin da aka ɗora a baya ya fi samun nisan faɗowa, shi ne kuma ke ci gaba da ingiza motar bayan hancinta ya kai shimfiɗaɗɗen wuri. Amma in aka zarce da shi baya ƙwarai, gaban ya yi sakayau, sai motar ta dinga rawa tana dukan gefen hanya. Na biyu, rage guga. Akan goge ƙusoshin har su yi sumul, a barbaɗa musu garin baƙin nan irin na cikin fensir domin santsi. Waɗansu har sukan ɗan ɗaga taya ɗaya ta gaba, motar ta tafi a kan uku, in dokar wurin ta yarda. Yaron da ya gane wannan da hannunsa ya karanci babi guda na ilmin kimiyya ba tare da ya buɗe littafi ba.

A nan ne fa jarrabawar iyaye take. Ɗan shekara 7 ba a sakar masa zarto shi kaɗai, dole babba ya kama masa. Amma tsakanin kama wa yaro da karɓe masa aiki tazarar kaɗan ce. Uba yakan ce bari ya daidaita masa ƙusa ɗaya, daga ƙusa ya koma taya, daga taya ya koma fenti, can sai a iske yaro na tsaye a gefe yana riƙe wa ubansa fitila. Waɗansu ma ba su sha wannan wahala, sai su sayi shiryayyar mota ta intanet. Wannan hali ya zama sananne a Amurka har aka yi fim na ban dariya a kansa cikin 2005, mai suna Down and Derby.

Uban da ya yi haka ba mugu ba ne. Tausayi ne ke jansa, ba ya son ya ga ɗansa ya zo na ƙarshe a gaban jama'a. Sai dai yara ba su da wauta. Yaron da aka miƙa wa kofi saboda motar da bai taɓa ba ya sani a ransa ba nasa ba ne, sauran yara ma sun sani. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda ya zo da motarsa karkatacciya, fenti ya zubo a gefe, shi ya san inda zarto ya kauce, ya san abin da zai gyara baɗi. Ya tafi gida da abin da na farkon bai samu ba, ko da shi ne na baya.

Shugabannin ƙungiyar sun nemi magani. Wurare da yawa sukan sa ranar aiki, a tara kayan sassaƙa wuri guda, domin yaron da babu zarto a gidansu, ko babu uba, ya sami mai kama masa. Sukan ba da kyauta don kyan zane da ban sha'awa, ba don gudu kaɗai ba. Waɗansu kuma sukan shirya wa manya nasu tseren dabam, kowa ya kashe ƙwarnafinsa a kan tasa motar. Tun 2018 'yan mata ma suna shiga sashen ƙananan Sikawut, uwaye mata kuwa da dama su ke riƙe wa 'ya'yansu katako. Ƙungiyar kanta ta sake suna cikin 2025, ta koma Scouting America, amma guntun katakon nan da ƙusoshinsa huɗu suna nan.

Sikeli yakan nuna ko mota ta wuce oza 5, amma ba ya nuna hannun wa ya sassaƙa ta. Wannan awo yana wuyan iyaye. Aikin babba shi ne ya riƙe katako, ya tsare yatsun yaro daga kaifi, ya yi bayanin dalilin kowane abu, sa'an nan ya haƙura ya bar layin ya karkace. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, yaro kuwa ba ya sanin haka sai an bar shi ya yi saran da kansa.