Waƙar Barin Makaranta: Tsakanin Ƙasar Japan Da Ƙasar Daura

A ƙasar Daura da wuya a sami wata rabuwa wadda ba a yi mata waƙa ba. Amarya idan za a kai ta, ƙawayenta suna da abin da suke rerawa tun daga soron gidan ubanta har ƙofar ɗakin miji. Almajirin da ya kai izifi sittin kuwa, ranar saukarsa akan yi masa allon zayyana, a naɗa masa rawani, ya zauna gaban malaminsa ya biya Fatiha da farkon Baƙara, jama'a su shafa, a raba goro da waina. A makarantun Islamiyya ma ɗalibai kan jeru su rera ƙasidun godiya ga malamai da iyaye, wani lokaci da mandiri, wani lokaci da baki kawai. Rabuwa ɗaya ce ta rasa waƙar kanta, wato ta ɗan makarantar boko. Yaron da ya zo daga Baure ko Zango ko Mai'aduwa, ya yi shekara shida yana cin tuwo a kwano ɗaya da abokansa, ranar da ya ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe sai dai a rubuta masa suna a bayan riga, a kunna waƙar fim a na'ura, kowa ya ɗauki akwatinsa ya nufi tasha.

Ba haka abin yake a Japan ba. A can shekarar karatu tana ƙarewa ne a watan Maris, dab da lokacin da itacen sakura yake fure, kuma waƙoƙin sauka wani rukuni ne mai zaman kansa wanda babba da yaro suka sani. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce "Hotaru no Hikari", wadda aka buga a littafin waƙoƙin makaranta a 1881, aka ɗora ta a kan karin wata tsohuwar waƙar mutanen Sikotilan. Sunanta yana nuni ne ga labarin wani ɗalibi matalauci na ƙasar Sin da ya yi karatu da hasken maƙesu don ba shi da man fitila. Duk wanda ya taɓa ganin almajirai sun kewaye wutar kara da asuba, kowa da allonsa, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. A 1884 aka fitar da "Aogeba Totoshi", ta godiya ga malami, wadda sai a 2011 aka gano cewa karinta daga wata waƙar Amurka ta 1871 yake. Ashe tun farko aro aka yi, aron kuma bai hana ta zama tasu ba.

Waɗanda suka fi dacewa da jita su ne na baya-baya. Japanawa suna da kalma, hikigatari, ga mutumin da yake kaɗa wa kansa yana rerawa, ba 'yan amshi, ba makaɗa. Irin wannan waƙa takan zo da tafiya a hankali, da sauyin riƙon yatsu kaɗan wanda ɗan koyo zai iya, da murya wadda ba ta hawa inda maƙogwaron yaro ba zai kai ba. Abin lura shi ne, da dama daga cikinsu ba don sauka aka yi su ba. "Okuru Kotoba" ta ƙungiyar Kaientai, wadda ta fito a 1979, asalinta kukan saurayi ne da budurwa ta guje shi; wasan talabijin na wani malamin makaranta ne ya mai da ita ta ɗalibai. "Sangatsu Kokonoka" kuwa, wato tara ga Maris, ƙungiyar Remioromen ta yi ta ne don bikin auren aboki, ta fito a 2004. Ɗalibai suka ji rabuwa a ciki, suka ɗauka.

To, wannan hikigatari ai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Me Ɗanmaraya Jos ya yi duk rayuwarsa, har ya rasu a 2015, in ba shi ba? Kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, da muryar mutum ɗaya, amma ya isa ya sa ɗan adaka ya tsaya da lodi. Haka Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Akwai garaya, akwai molo, dukkansu ana rungume su ne kamar yadda ake rungume jita. Saboda haka ba kayan kiɗa aka rasa ba, ba kuma ƙwarewa ba. Abin da ya hana shi ne matsayin mai riƙe da su. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado, kuma makaɗi maroƙi ne. Garaya ta maharba ce da 'yan bori, goge kuwa an daɗe ana jingina shi da gidajen da ba a ambata a gaban manya. A garin da ake buga tambari, ake busa kakaki da algaita a ƙofar fada ranar Sallar Gani, kowa ya san wanda ya gaji kiɗa da wanda ake yi wa. Ɗan malami ko ɗan hakimi zai iya haddace waƙar Shata daga farko har ƙarshe, amma ya zauna a gaban mahaifinsa ranar taron makaranta da gurmi a cinya, wannan sai dai a mafarki.

Jita tana da wata dama a nan, don ba ta da gidan gado. Ba wanda zai ce ta 'yan bori ce. Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani, kuma samarin Buzaye na Agadas sun mai da ita tamkar a can aka haife ta. Sai dai ita ma tana da nata tabon, na gidan rawa da otal. Bayan wannan akwai matsalar harshe, wadda ɗaliban Hausa suka fi kowa sani. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma muryar waƙa ba ta saɓa musu ba tare da ta ɓata ma'ana ba. Gurmi yana maimaita ɗan gajeren kiɗa ne, ya bar murya ta bi kalma inda ta nufa. Jita idan aka kaɗa ta irin ta Turawa ita ke jan murya, sai a ji an matse Hausa an sa ta a rigar da ba tata ba. Wanda zai yi wannan aiki sai ya kaɗa jitar kamar gurmi.

Labari ɗaya daga Japan ya fi sauran kusa da gida. A 1991, a wata ƙaramar sakandare mai suna Kagemori a garin Chichibu, wadda ta yi fama da rashin ɗa'ar yara, shugaban makarantar, Kojima Noboru, ya rubuta baitoci, malamar kiɗa ta sa musu kari, malamai suka tashi suka rera wa ɗalibai masu fita. Ita ce "Tabidachi no Hi ni", wadda daga baya ta bazu ƙasar baki ɗaya. Malami mai rubuta waƙa kuwa ba abin nema ba ne a Arewa. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne, kuma ilmin zamani yana cikin abubuwan da ya waƙe. Rubutacciyar waƙa ba ta da tabon roƙo, ana rera ta a masallaci da zaure ba mai ɗaga gira. Har yanzu a makarantun ƙasar Daura akwai malaman Hausa da suke koyar da ƙafiya da amsa-amo da ma'aunin baiti, sa'an nan ranar rabuwa su zauna a kujerar baya suna sauraren na'ura.

Su yaran ba su jira kowa ba. A daren ƙarshe a ɗakin kwana, cikin damina, gero ya kai ƙugu a bayan shingen makaranta, akan kifa bokiti a ƙasa, wani ya jawo akwatin ƙarfe. 'Yan mata su ɗauko karin waƙar gaɗa ko ta kai amarya, su cire sunan ango su sa na makaranta, su jero malamai ɗaya bayan ɗaya, wannan a yabe shi, wancan a yi masa habaici da bulalarsa. Wasu suna dariya, wasu sun rufe fuska da gyale. Ba a rubuta ta, kuma ajin da ke biye ba ya gadonta. Baɗi su ma tasu za su ƙaga.