Agogon da Ya Ƙi Tsayawa a Zungeru

Madatsar ruwa ce ta kai ni Zungeru. Tun daga Minna nake ɗokin ganin injuna huɗun nan na kan Kogin Kaduna masu ba da megawat 700, a garin da Turawa suka mai da hedikwatar Arewa a 1902. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a wata rumfar gyaran inbata na same shi.

Wani saurayi na tarar ya duƙufa a kan ɗan cip na STM32 wanda bai wuce farcen yatsa ba. So yake ya fitar da wuta mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin wadda madatsar ke turawa layin ƙasa.

"Baba, duba nan," in ji shi, yana nuna mini kwamfuta.

Zuciyar cip ɗin tana bugawa sau miliyan 72 a daƙiƙa. Rajista (wato ma'ajin lamba a cikin cip ɗin) ta farko tana raba bugun nan da 72, ya koma miliyan ɗaya. Ta biyu tana ƙirga. Ta uku ke riƙe da iyaka: in ƙirga ya cika 20,000, sai a koma sifili, wato sau 50 a daƙiƙa. Shi kuwa 71 da 19,999 ya rubuta a ciki, domin daga sifili na'ura ke farawa. Wannan tsari ya burge ni matuƙa.

Kwana biyu wata matsala ta hana shi barci. Duk sanda ya tsayar da ƙwaƙwalwar cip ɗin don neman kuskure, sai ya ga lambar ƙirga ta yi nisa. Ashe ƙwaƙwalwar kaɗai ke tsayawa. Mai ƙirga yana da tasa hanyar bugun, ba ruwansa. Ga kuma agogon gadi, wanda in ba a leƙa shi a kan kari ba, sai ya ta da na'urar daga farko, binciken ya bi ruwa.

Maganin yana wata rajista mai suna DBGMCU. Ya mai da sifili ɗaya zuwa 1, ya sake tsayarwa. Lambar ta daskare.

"Samari, yanzu fa?"

"Yanzu sai in cire batir tukun, Baba. Ba a yi wa inbata mai ɗauke da kaya wannan gwaji."

Ya miƙa hannu ya zare wayar.